Darasi: Yadda Gwamnatin Amurka Ta Tarbi Annobar Korona, da Abin da Ya Same Mu a Morrisania



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi watanni huɗu na farkon shekarar 2020, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da annobar korona ta shigo Amurka. Da yawa daga cikinmu ba ma son tuna waɗannan kwanaki, domin da wuya ka sami gidan da bai yi rashi ba, ko na ɗan uwa, ko na maƙwabci, ko na abokin sahu a masallaci. Allah Ya ji ƙansu. Amma tun ranar 11 ga Mayu 2023 da gwamnati ta janye dokar ta-ɓaci ta lafiya, bayan mutum fiye da miliyan ɗaya sun rasu a ƙasar nan, an fara mantawa da yadda abin ya faro. Yaran da suke firamare a lokacin yanzu sun zama samari da 'yan mata, kuma akwai baƙin da suka iso bayan an wuce wurin. Saboda haka za mu bi abin daki-daki, mu amsa tambayoyi uku: me gwamnati ta sani kuma yaushe ta sani, me ta yi da saninta, sannan wa taimakonta ya kai wa, wa ya tsallake.

Wa ke da iko a kan me

Kafin mu ɗora wa kowa laifi ko yabo, sai mun fahimci yadda aka raba iko a nan. A Gana, idan shugaban ƙasa ya fito talabijin ya ce a rufe makarantu, gobe an rufe daga Ankara har Bawku. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Gwamnatin tarayya da ke Washinton ita ke riƙe da iyakoki da filayen jirgin sama, ita ke ba da izinin yin amfani da sabon gwaji ko magani, ita ke da rumbun ajiyar kayan asibiti na ƙasa, kuma ita ke da babbar jakar kuɗi. Rufe makarantu da kasuwanni da hana taro kuwa aikin gwamnan jiha ne. Shi kuma magajin gari yana kula da asibitocin birni irin su Lincoln da ke titi na 149, da makarantun gwamnati. A wancan lokaci Donald Trump ne shugaban ƙasa, Andrew Cuomo gwamnan jihar Niyok, Bill de Blasio magajin gari. Duk matakin da ya iso ƙofar gidanmu sai da ya bi ta hannun waɗannan uku, kuma sau da yawa bakinsu bai zo ɗaya ba.

Janairu: an tsare ƙofa ɗaya, an bar ɗaya a buɗe

A ranar ƙarshe ta shekarar 2019 labari ya fito cewa wata baƙuwar cutar huhu ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 17 ga Janairu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ake kira CDC, ta fara duba fasinjojin da suka fito daga Wuhan a filayen jirgi uku, har da namu na JFK. Ranar 21 ga wata aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Amurka, a jihar Washinton, can yamma. Ranar 30 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama larurar gaggawa ta duniya. Washegari ministan lafiya Alex Azar ya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya, shugaban ƙasa kuma ya hana baƙin da suka taka ƙasar Sin cikin kwana 14 shigowa, daga 2 ga Fabrairu.

Wannan mataki an ɗauke shi da wuri, kuma adalci ne a faɗi haka. Matsalarsa ita ce cutar ta riga ta tsallaka Turai. Jirage daga Italiya da Faransa da Ingila sun ci gaba da sauka a JFK da Newark kullum, har tsakiyar watan Maris. Daga baya masana a asibitin Mount Sinai da jami'ar NYU suka binciki ƙwayar cutar da aka ɗauka daga jikin marasa lafiya na birnin nan, suka gano cewa mafi yawanta ta Turai ta biyo. An sa mai gadi a ƙofar gaba, ɓarawo ya shigo ta baya.

Fabrairu: watan da aka yi asara

Idan aka ce a nuna wuri ɗaya da abin ya lalace, to wurin gwaji ne. Cutar da ba ka iya ganinta ba ka iya tare ta. Tun tsakiyar Janairu masana a Balin ta ƙasar Jamus sun haɗa gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba wa ƙasashe. Amurka ta zaɓi ta haɗa nata. A farkon Fabrairu CDC ta aika kayan gwajin zuwa jihohi, sai aka tarar ɗaya daga cikin sinadaran da ke ciki ya gurɓata, sakamakon ba ya fita daidai. Makonni uku aka shafe ana jiran gyara. A cikin wannan lokaci doka ba ta ba asibitoci da jami'o'i damar yin amfani da nasu gwajin ba sai da doguwar takardar izini. Ƙari a kan haka, ba a yarda a gwada mutum sai in ya je Sin ko ya yi cuɗanya da wanda aka tabbatar yana da ita. Direban tasi da ya ɗauko fasinja mai tari daga filin jirgi bai cika wannan sharaɗi ba.

Sai ranar 29 ga Fabrairu aka sassauta dokar, aka ba ɗakin binciken jihar Niyok da ke Albany izinin yin gwaji. Ku duba abin da ya biyo baya: washegari, 1 ga Maris, aka sami mutum na farko a birnin nan, wata ma'aikaciyar lafiya da ta dawo daga Iran. Ranar 3 aka sami wani lauya a New Rochelle, nan kusa da mu ta arewa, wanda bai yi tafiya zuwa ƙasashen da ake zargi ba. Ma'anar wannan ita ce cutar ta daɗe tana yawo a cikin jirgin ƙasa da bas, ido ne kawai ba mu da shi.

Ƙasar Koriya ta Kudu ta sami mutum na farko a mako ɗaya da Amurka. Gwamnatinta ta tara kamfanoni tun ƙarshen Janairu ta ce su haɗa gwaji, ta ba su izini cikin kwanaki. Zuwa farkon Maris suna gwada mutum wajen 10,000 kowace rana, har a cikin mota, alhali Amurka gaba ɗayanta ba ta wuce 'yan dubbai ba tun farkon abin.

Maganganun shugabanni ma sun ƙara ruɗa jama'a. Ranar 25 ga Fabrairu wata babbar likita ta CDC, Nancy Messonnier, ta gargaɗi iyalai su shirya domin za a iya rufe makarantu da wuraren aiki. Kasuwar hannun jari ta faɗi, washegari aka miƙa jagorancin aikin ga mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence, ita kuma aka daina jin muryarta sosai. Shugaban ƙasa ya riƙa kwatanta cutar da mura, yana cewa za ta wuce. Daga baya aka saki hirar da ɗan jarida Bob Woodward ya naɗa da shi, inda tun 7 ga Fabrairu ya nuna ya san cutar tana bin iska kuma ta fi mura kisa, a watan Maris kuma ya ce yana rage girman abin ne don kada a firgita mutane. A nan gida, magajin gari a farkon Maris yana ƙarfafa mutane su ci gaba da fita harkokinsu. Babban likitan ƙasa, Jerome Adams, ranar 29 ga Fabrairu ya ce jama'a su daina sayen takunkumin rufe baki da hanci. Sai 3 ga Afrilu CDC ta juya ta ce kowa ya sa, jihar Niyok kuma ta wajabta shi daga 17 ga Afrilu.

Haka kuma a Fabrairu ministan lafiya ya gaya wa majalisar dattawa cewa takunkumi miliyan 30 ke cikin rumbun ƙasa, alhali ana bukatar miliyan 300 domin ma'aikatan lafiya. An san da wannan giɓi, amma ba a yi odar kaya da yawa ba sai da Maris ya yi nisa. Duk ɗan kasuwa ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

Maris: lissafin ninki

Ga jerin abin da ya faru cikin makonni uku. Ranar 6 ga Maris aka sa hannu a kan dala biliyan 8.3 na yaƙi da cutar. Ranar 7 gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a jiha. Ranar 11 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira ta annobar duniya, a daren kuma shugaban ƙasa ya sanar da hana shigowa daga ƙasashen Turai 26, aka ƙara Ingila da Ailan bayan 'yan kwanaki. Ranar 13 aka ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙasa baki ɗaya. Ranar 14 aka sanar da mutuwa ta farko a birnin nan. Ranar 16 aka rufe makarantun birni. Ranar 17 magajin gari ya ce a shirya zaman gida, gwamna ya ce ba za a yi ba, kuma ikon nasa ne. Ranar 20 gwamnan ya sanar da dokar kulle, ta fara aiki ƙarfe takwas na daren Lahadi 22 ga Maris. Yankin San Faransisko ya riga mu da kwana biyar, alhali masu cutar a can ba su kai namu ba.

Wani zai ce kwana biyar ko mako ɗaya mene ne a ciki? A waɗannan kwanaki gwamna da kansa ya ce adadin masu kamuwa yana ninkawa kowane kwana uku. Mu yi lissafin kasuwa. Idan yau mutum 100 ne, bayan kwana uku 200, bayan shida 400, bayan tara 800. Bayan kwana talatin sun haura 100,000. Wato jinkirin kwana shida kawai yana nufin ka rufe ƙofa a kan wuta da ta ninka sau huɗu. Masana a jami'ar Kolombiya sun yi wannan lissafi a watan Mayu na shekarar, suka ƙiyasta cewa da an fara matakan mako ɗaya kafin lokacin da aka fara, da an sami ragin mutuwar mutum wajen 36,000 a ƙasar zuwa farkon Mayu, kuma kaso mai yawa daga yankinmu ne. Rai da ajali na Allah ne, amma shugaba za a tambaye shi abin da ya yi da lokacin da aka ba shi.

Da asibitoci suka cika, gwamna ya nemi na'urar taimakon numfashi 30,000. Gwamnatin tarayya ta ce jihohi su fara nema da kansu, sai jihohi suka shiga gwanjo a tsakaninsu, kowa yana ƙara wa ɗan uwansa farashi. Sojoji sun mayar da zauren taro na Javits asibiti, jirgin ruwan soja mai suna Comfort mai gado 1,000 ya iso ranar 30 ga Maris, amma saboda tsauraran sharuɗɗan karɓar marasa lafiya bai kula da mutum 200 ba har ya tashi a ƙarshen Afrilu. Dukansu biyu a Manhattan suke. A mako na biyu na Afrilu jihar ta kai inda aka ƙirga mutum 799 sun rasu a rana ɗaya.

Me ya sa Bronx ta fi jin jiki

Wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a ƙarshen Afrilu 2020 ya kwatanta gundumomi biyar na birnin nan. A cikin kowane mutum 100,000, Bronx tana da 634 da aka kwantar a asibiti da 224 da suka rasu. Manhattan tana da 331 da 122. Kusan ninki biyu ke nan, tsakanin wurare biyu da jirgi mai lamba 2 ke haɗawa cikin minti ashirin.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga duk wanda ya zauna tsakanin titin Webster da Boston Road. Dokar kulle ta ce kowa ya zauna a gida sai masu aikin dole, to su wa ke aikin dole? Matanmu masu kula da tsofaffi a gidajensu, masu taimaka wa nas a gidajen tsofaffi, masu shara a asibiti, direbobi, masu kai abinci, masu aiki a kantunan abinci. Mai aiki da kwamfuta ya koma ɗakinsa ya ci gaba da karɓar albashi. 'Yar uwarmu mai kula da tsohuwa a Manhattan kuwa dole ta hau bas ɗin Third Avenue da asuba, sau da yawa ba tare da an ba ta takunkumi ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa da bas fiye da ɗari sun rasu a watannin farko.

Na biyu shi ne cunkoso. An ce wanda ya kamu ya killace kansa a ɗaki shi kaɗai, da banɗakinsa. A gidan da kaka da iyaye da yara da baƙon da ya sauka suke raba ɗaki biyu, wannan umarni ba shi da wurin zama. A dogayen benaye irin na Forest Houses, lif ɗaya ko biyu ne ke ɗaukar kowa. Birni ya buɗe ɗakunan otal kyauta ga masu bukatar killacewa, amma labarin bai kai kunnen mutane da yawa ba, musamman waɗanda ba sa jin Turanci ko Sifaniyanci. Na uku shi ne cututtukan da muke ɗauke da su tun kafin annoba: ciwon suga, hawan jini, da asma da hayaƙin manyan motoci na babbar hanyar Cross Bronx ke ƙara wa yaranmu. Korona ta fi kayar da mai irin waɗannan.

Sai a tsakiyar Afrilu birni ya buɗe wuraren gwaji a unguwannin da suka fi shan wahala, kuma asibitin Gotham na Morrisania yana cikin na farko. Wurin gwajin da jiha ta buɗe kafin nan a kwalejin Lehman na masu mota ne, mu kuwa yawancinmu ba mu da ita. Lokacin da gwaji ya iso ƙafarmu, mun riga mun binne mutane da yawa.

Kuɗin tallafi, da waɗanda aka tsallake

A fagen kuɗi majalisar tarayya ta yi sauri. Ranar 18 ga Maris aka yi dokar da ta sa gwaji ya zama kyauta, ta kuma ba wasu ma'aikata hutun rashin lafiya da albashi. Ranar 27 aka sa hannu a kan dokar CARES ta dala tiriliyan 2.2. Kowane baligi mai ƙaramin samu ya sami dala 1,200, kowane yaro 500. An ƙara dala 600 a mako a kan kuɗin rashin aiki har ƙarshen Yuli, kuma a karon farko aka shigar da masu aikin kansu, irin direbobin Uber da masu kitso. Gwamna ya dakatar da korar 'yan haya na kwana 90. Gidaje da yawa a zango da wannan suka rayu, kuma wanda ya ci ya gode.

Amma dokar tana da ƙofa, makullinta kuwa lambar soshal. Wanda yake biyan haraji shekara da shekaru da lambar ITIN bai sami ko sisi ba. Abin da ya fi ciwo, idan miji ɗan ƙasa ne, matarsa ba ta da soshal, suka cika takardar haraji tare, to an hana gidan gaba ɗaya, har yaran da aka haifa a asibitin Lincoln. Sai a Disamba 2020 aka gyara wannan ɓangare. Bashin tallafin 'yan kasuwa, dala biliyan 349, ya ƙare ranar 16 ga Afrilu, ƙasa da mako biyu da buɗewa. Ta banki ake nema, kuma banki ya fara da manyan abokan cinikinsa masu akanta. A cikin mu masu ƙananan shaguna na gari da manja da busasshen kifi, wanda cinikinsa na hannu da hannu ne, ba shi da littafin albashi, sai dai ya ji labari.

Akwai kuma wata doka da ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairu 2020, mako ɗaya kafin a sami mutum na farko a Niyok. Ita ce wadda ta ce za a iya hana mutum katin zama na dindindin idan aka ga yana dogara da tallafin gwamnati, kamar katin abinci ko wasu nau'o'in Medicaid. Dokar ba ta shafi kowa ba. Ba ta shafi mai katin da ke neman zama ɗan ƙasa ba, ba ta shafi jinyar gaggawa ba, kuma a tsakiyar Maris hukumar shige da fice ta ce gwaji da jinyar korona ba za a lissafa su ba. Amma tsoro ya riga bayani isa gida. A wurin rabon abinci mun ga iyaye mata da suka cire 'ya'yansu 'yan ƙasa daga tallafin da haƙƙinsu ne, mun kuma ji labarin masu zazzaɓi da suka zauna a ɗaki da citta da lemun tsami har numfashi ya gagara. An soke waccan doka a Maris 2021.

Waɗanda aka tsallake sun jira shekara guda. A Afrilu 2020 birni da gidauniyar Open Society sun ware dala miliyan 20, ana ba mutum 400 zuwa 1,000, abin da bai kai hayar wata ɗaya ba. Sai a Afrilu 2021, bayan ma'aikata baƙi sun yi yajin cin abinci na kwana 23, jihar Niyok ta kafa asusun dala biliyan 2.1 da ke ba mutum har 15,600. Wanda ya ajiye rasiɗin haya da takardar haraji da shaidar aiki ya samu. Wanda ya tsaya neman takardu, kafin ya haɗa an rufe karɓa a watan Oktoba.

Masallaci, jana'iza da azumi

Dokar kulle ta hana taro komai ƙanƙantarsa, saboda haka aka rufe masallatai, aka daina Juma'a. Wasu iyayenmu abin ya yi musu nauyi, har suka ga kamar raunin imani ne. Malamai suka tunatar da mu abin da ya faru a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Yana kan hanya labari ya iske shi, ya tsaya ya shawarci Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke shawarar juyawa da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa. Saudiyya ma ta dakatar da Umra ga baƙi tun 27 ga Fabrairu, a Gana kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayan rufe masallatai.

Jana'iza ce ta fi ƙona zuciya. Ba a bari a shiga asibiti a yi wa mai jinya kalmar shahada a kunne, sai ta waya in nas ta sami sarari. Gawa tana jira kwanaki domin masu shirya jana'iza sun cika, gwamnatin tarayya ta turo manyan motocin sanyi aka jera a bayan asibitoci. Gawar da ba a zo nema ba ana kai ta tsibirin Hart, wanda a cikin Bronx yake. Gana ta rufe iyakokinta, mai wasiyyar a kai shi gida ba a iya cika masa ba, sai maƙabartun Niyu Jazi, da mutum kaɗan a bakin kabari. Tallafin kuɗin jana'iza na gwamnatin tarayya, har dala 9,000, bai fara ba sai Afrilu 2021. Kafin nan adashi da karo-karon ƙungiyoyin zango ne suka binne mutanenmu.

Azumi ya kama 24 ga Afrilu, babu tarawihi a jam'i, babu buɗa-baki a masallaci. Birni ya yi alkawarin abincin halal wajen rabin miliyan a watan, ana rabawa a makarantu da ta hannun ƙungiyoyi. Ranar 21 ga Mayu aka yarda da taron ibada na mutum goma, aka yi Sallah ranar 24, kowa a falonsa.

Yadda aka yi a gida

Gana ta sami masu cutar na farko ranar 12 ga Maris. Cikin kwana huɗu Shugaba Akufo-Addo ya rufe makarantu ya hana taro, cikin kwana goma ya rufe iyakoki, ranar 30 ya kulle Ankara da Kumasi na mako uku, ya kuma ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa na wata uku. Najeriya ta sami na farko ranar 27 ga Fabrairu, ta kulle Legas da Abuja ranar 30 ga Maris. Su ma suna da nasu kurakurai: kulle ya yi wa mai neman na yau a Nima da Aboabo tsanani, a Kano kuma a watan Afrilu an yi ta binne dattawa alhali ɗakin gwaji ya tsaya. Amma sun ga gemun Italiya da Niyok ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Arziki da yawan asibitoci ba su maye gurbin saurin yanke shawara ba.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, idan aka ji annoba ta ɓulla, kada gida ya jira sai an rufe gari. Tsakanin gargaɗin likitar CDC da dokar kulle kwana 26 ne. Dattijo mai ciwon suga yana iya rage shiga taro tun ranar farko, ba sai gwamna ya ce ba.

Na biyu, a bambanta maganar likita da ta ɗan siyasa da ta WhatsApp. Likita ma yana canza magana idan sabon ilimi ya zo, kamar yadda aka yi a kan takunkumi, kuma wannan bai zama dalilin watsi da shi a koma ga saƙon murya da ba a san mai shi ba.

Na uku, takardu. Kowane mai aiki ya cika haraji kowace shekara, ko da lambar ITIN ce. A ajiye rasiɗin haya, da takardar albashi, da katin shaida na birni a jaka ɗaya da uwargida ta san inda take. Mai shago ya buɗe asusun banki na kasuwanci, ya riƙa rubuta ciniki.

Na huɗu, kada tsoron takardun zama ya hana kowa asibiti. Asibitocin birni suna karɓar mutum ba tare da duba matsayinsa ba, kuma shirin NYC Care, wanda a Bronx aka fara shi a 2019, an yi shi ne domin marasa inshora. Dokokin shige da fice suna canzawa, saboda haka a tambayi lauya kafin a bar wani haƙƙi, kada a dogara da an ce.

Na biyar, a kula da suga da hawan jini tun ana lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Na shida, kowane masallaci da ƙungiya su riƙe asusun jana'iza da jerin tsofaffin da ke zaune su kaɗai, da matasan da za su fassara sanarwar hukuma zuwa Hausa da sauran harsunanmu a ranar da ta fito. Mai wasiyya ya faɗa wa iyalinsa abin da za a yi idan hanyar gida ta toshe.

Na bakwai, a shiga ƙidaya, wanda ya cancanta ya yi zaɓe, a riƙa zuwa taron hukumar unguwa. Asusun 2021 bai faɗo daga sama ba, mutane ne suka haɗa kai suka nema. Da a ce an san adadinmu da muryarmu, da wurin gwaji bai jira tsakiyar Afrilu ba kafin ya iso Morrisania.

Muna roƙon masu gida su karanta wa iyali wannan darasi bayan sallar Isha, su tambayi juna: in aka ce gobe an rufe gari, abincin kwana nawa ke gidan nan, maganin Baba na kwana nawa ya rage, ina takardunmu suke, kuma wane tsoho ne a benenmu ba shi da mai leƙa shi?

Allah Ya gafarta wa waɗanda suka riga mu, Ya ba marayu da zawarawa haƙuri, Ya saka wa ma'aikatan da suka fita lokacin da kowa ya shige, Ya ba shugabanni tsoronSa da saurin yin abin da ya dace, Ya kare mu daga annoba ta fili da ta ɓoye. Amin.